Shafin da Ke Zarcewa Bayan Hannu Ya Tsaya: Ina Ya Dace, Ina Bai Dace Ba?

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, wata rana da daddare ina ofis ina shigar da makin jarrabawar ɗalibaina 'yan ajin farko a kwamfuta. Jerin sunayensu ya kai layi ɗari shida. Kafin wannan rana wani ƙanena ya sa mini wata 'yar manhaja wadda ke sa shafi ya riƙa sulalewa kamar na wayar hannu duk lokacin da na murza tayar linzamin kwamfutar, wai don aiki ya yi mini sauri. Na murza, na hango sunan wata ɗaliba, na danna, na mai da idona kan takardarta, na buga 68. Ashe a lokacin da na danna shafin bai gama tafiya ba, sai makin ya faɗa layin wani ɗalibi na ƙasa da ita, nata gurbin kuwa ya zauna fayau kamar ba ta shiga jarrabawar ba. Sai bayan mako uku ta zo ofishina tana hawaye. An gyara, amma sai da aka yi rubuce-rubuce, ita kuma ta yi kwanaki ba ta san matsayinta ba.

Laifin nawa ne da farko, domin wajibin malami ne ya sake duba abin da ya rubuta. Duk da haka abin ya sa na tsaya na yi tunani a kan wata tambaya da masu ƙera manhajoji suka daɗe suna jayayya a kanta. Shin wannan zarcewa da shafi ke yi bayan hannu ya tsaya, wadda kowa ya saba da ita a waya, ya kamata a sa ta a linzamin kwamfuta da kuma faifan shafa, wato ɗan filin nan mai santsi da ke ƙarƙashin madannan kwamfutar tafi-da-gidanka? Ra'ayina shi ne ta dace da faifan shafa bisa sharuɗɗa, amma ba ta dace da tayar linzami mai haƙora ba. Ni malamin ilmin halittu ne, saboda haka hujjojina daga ido da yatsa da ƙwaƙwalwa zan ɗebo su.

Asalin abin

Duk wanda ya yi wasan gare-gare yana yaro ya san cewa in ka buga garen ka sake shi, yakan ci gaba da tafiya shi kaɗai, yana rage gudu a hankali har ya kwanta. Ibn Sina, wanda ya rasu a shekarar 1037, ya yi bayanin cewa abin da aka jefa yana ɗauke da wani karkata zuwa gaba wanda ba ya ƙarewa don kansa, sai dai wani abu daga waje ya rage shi. A shekarar 1687 Isaac Newton ya tsara wannan a matsayin dokarsa ta farko ta motsi: abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiya muddin babu ƙarfin da ya tare shi. Abin da ke tsai da gare shi ne gogayyarsa da ƙasa da kuma iska.

To, shafin da ke fuskar kwamfuta ba shi da nauyi ko na gashin kaza, ba ya kuma gogar komai. Haske ne kawai. Saboda haka in ka ga ya zarce, lissafi ne aka rubuta don ya kwaikwayi gare. Mutanen duniya sun san wannan dabara sosai tun ranar 9 ga Janairun 2007, lokacin da Steve Jobs ya nuna wayar iPhone ta farko a San Faransisko ta Amurka, ya shafi jerin sunayen mawaƙa da yatsa ɗaya, jerin ya ruga ya rage gudu ya tsaya. Daga nan dabarar ta bazu cikin wayoyi, sannan ta gangaro kan kwamfutoci.

Shi kuwa linzami ya girme ta nesa ba kusa ba. Douglas Engelbart ne ya ƙirƙiro shi a Cibiyar Bincike ta Stanford, ya nuna wa jama'a shi ranar 9 ga Disambar 1968. 'Yar tayar da ke tsakanin maɓallansa ta yaɗu ne bayan kamfanin Microsoft ya fito da IntelliMouse a 1996. Faifan shafa kuma ya samu karɓuwa daga 1994, da kwamfutocin PowerBook 500 na kamfanin Apple. Ka ga ke nan kayan aiki uku ne, kowanne da tarihinsa da yadda hannu ke riƙe shi, ana so a ɗora musu ɗabi'a ɗaya.

Ɗan lissafi ga ɗalibai

A wayoyin Apple, ƙa'idar da aka saba amfani da ita ita ce a riƙa ninka gudun shafi da 0.998 a kowane kashi ɗaya bisa dubu na sakan. Wanda ya iya lissafi zai ga cewa gudun yana raguwa zuwa rabi a cikin kusan sulusin sakan, bayan sakan guda kuma abin da ya saura bai wuce kashi ɗaya bisa bakwai ba. Irin wannan raguwa ce muke koyarwa a darasin yadda magunguna da dama ke ƙarewa a cikin jini: rabi ya tafi, sannan rabin abin da ya saura, haka har a daina jin ɗuriyarsa. Jimlar tafiyar da shafin zai yi kuwa ita ce gudun da ya fara da shi sau rabin sakan. Wato in ya bar yatsa da gudun santimita 40 a sakan, sai ya ci santimita 20 kafin ya tsaya.

Yanzu sai mu auna wannan da saurin ɗan Adam. Malami na iya gwada shi a aji da rula kawai. Ɗalibi ɗaya ya riƙe rular a tsaye, ɗaya ya buɗe yatsunsa biyu daidai sifili, a sake ta ba tare da sanarwa ba. Wanda ya cafke ta a santimita 20 ya ɗauki kashi ɗaya bisa biyar na sakan, wanda ya cafke a santimita 30 kuma ya ɗauki kusan rubu'in sakan. Wannan shi ne lokacin da saƙo ke ɗauka daga ido zuwa ƙwaƙwalwa, daga ƙwaƙwalwa zuwa tsokar hannu. A cikin rubu'in sakan na farko, shafin nan namu ya riga ya yi tafiyar kusan santimita 8. In kowane layi rabin santimita ne, layi 16 ke nan sun wuce kafin hannu ya amsa umarnin ido.

Abin da ido ke iyawa

Mutane da yawa suna zaton ido yana bin layin rubutu ne sumul kamar ruwa a kwata. Ba haka ba ne. Tun wajajen 1878 likitan ido Louis Émile Javal na Faransa ya bayyana cewa ido tsalle-tsalle yake yi in ana karatu. Yakan tsaya kamar rubu'in sakan, ya yi tsalle, ya sake tsayawa, sau uku ko huɗu a kowane sakan. A lokacin tsayawar ne kawai ake ɗaukar kalmomi. Lokacin tsallen kuwa ƙwaƙwalwa takan dushe abin da ke shigowa. Ga gwaji: tsaya gaban madubi, ka dubi idonka na dama, sannan na hagu. Ba za ka taɓa ganin idanunka suna motsi ba, alhali wanda ke tsaye kusa da kai yana gani sarai.

Dalilin tsallen shi ne wurin da ke gani tar-tar a tantanin bayan ido ɗan gurbi ne ƙarami, masana na kiransa fobiya. Faɗin abin da yake kamawa bai wuce digiri 2 ba, kwatankwacin faɗin babban yatsanka in ka miƙe hannu. Ido yana da wata dabara ta biyu, ta bin abu mai tafiya, kamar yadda kake bin shirwa a sama. Amma wannan bi yana aiki da kyau ne in gudun abin bai wuce kamar digiri 30 a sakan ba. A nisan da muke zama daga fuskar kwamfuta, wato kusan santimita 57, santimita ɗaya daidai yake da digiri ɗaya. Ashe shafin da ya tashi da gudun santimita 40 a sakan ya fi ƙarfin ido, ba a iya karanta shi sai ya lafa.

Abin da wannan ke nufi shi ne zarcewa ba ta taimakon mai karatu, tana taimakon mai tafiya ne. Wanda ke son ya tsallake shafi hamsin ya isa babi na bakwai, ita ce abokiyarsa. Wanda ke bin jerin maki, ko lissafin kuɗi, ko sakamakon gwajin jini layi bayan layi, ba abin da yake bukata kamar shafin ya tsaya a inda ya tsai da shi. Aikin waya galibi irin na farko ne, aikin kwamfutar ofis da ɗakin gwaji kuwa galibi irin na biyu ne.

Abin da yatsa ke ji

Fatar kan yatsa na cikin wuraren da suka fi ko'ina ji a jikin mutum. Tana iya rarrabe tsini biyu da ke da tazarar milimita 2 ko 3 kacal, alhali a gadon baya sai tazarar ta kai santimita 3 ko 4. A cikinta akwai ƙananan na'urorin ji iri huɗu, masu ɗauke da sunayen masanan da suka gano su: Meissner, Merkel, Pacini da Ruffini. Waɗansu na jin matsi, waɗansu zamewa, waɗansu girgiza. Wilder Penfield, likitan ƙwaƙwalwa a birnin Montreal na Kanada, ya nuna a 1937 cewa hannu da leɓe sun ci fili mai yawa a ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da ji da motsi, fiye da girmansu a jiki.

Tayar linzami ta gari an yi ta ne don wannan baiwa. A yawancinsu akwai haƙora 24 a zagaye guda, wato digiri 15 tsakanin haƙori da haƙori. A tsarin Windows, in ba a sauya ba, kowane haƙori layi uku yake gusar da shafi. Yatsa yana jin ƙas, ƙas, ƙas, ƙwaƙwalwa kuma ta san layi tara sun wuce tun ido bai duba ba. Ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya, wadda aikinta ya haɗa da hasashen sakamakon kowane motsi kafin ya auku, tana koyon wannan alkawari cikin ɗan lokaci. Shi ya sa ƙwararren magatakarda ke iya gungura shafi idonsa na kan takarda. In aka ƙara wa tayar zarcewa ta jabu, an karya alkawarin: yatsa ya ce na tsaya, shafi ya ce ni ban tsaya ba. Abin da ya same ni ke nan a daren nan.

Akwai kuma wani dalili da ya fi wannan ƙarfi. Faifan shafa ya san lokacin da yatsa ya sauka a kansa, ya san lokacin da ya tashi, ya kuma san gudun da ya tashi da shi. Saboda haka yana iya rarrabe wanda ya ja shafi ya ajiye da wanda ya wurga shi. In shafin na gudu kuma ka ɗora yatsa, sai ya tsaya nan take, kamar yadda yaro ke dafe garensa. Tayar linzami ta yau da kullum ba ta san ko yatsa na kanta ko ba ya kanta ba. Abin da take aika wa kwamfuta kawai shi ne haƙori ya wuce. In ta yi shiru, kwamfuta ba ta da hanyar sanin ko tsayawa aka yi ko wurgawa, sai dai ta yi canke. In kuma shafin ya ruga, ba birki, sai ka murza baya, wanda sau da yawa ke sa ka wuce wurin ta ɗaya gefen. Hausawa da suka raɗa wa wannan na'ura suna linzami sun yi daidai, domin amfanin linzami a bakin doki biyu ne, juyawa da tsayarwa. Wanda ba ya tsayarwa bai cika sunansa ba.

Masu rubuta libinput, manhajar da ke karɓar saƙon linzami da faifai a yawancin kwamfutocin Linux na zamani, sun bi wannan bambanci. Kowane saƙon gungurawa yana zuwa da alamar inda ya fito, taya ko yatsa. In daga yatsa ne, ana aika sanarwa ta musamman lokacin da yatsun suka tashi, don manhajar da ke nuna shafin ta yanke shawarar ko za ta zarce. In daga taya ne, ba a yin alkawarin wannan sanarwa.

Hujjojin masu ganin akasin haka

Ba zan yi wa abokan jayayyata rowar gaskiyarsu ba. Hujjarsu ta farko ita ce gajiya. Jerin nan nawa mai layi 600, in za a bi shi daga sama har ƙasa da taya mai haƙora, haƙori 200 ke nan, fiye da zagaye takwas na tayar. Wanda ke yin haka yini guda zai ji a jijiyar yatsansa. Wannan gaskiya ne. Amma maganinsa yana nan tun tuni: akwai maɓallan tsallake shafi a kan madannai, akwai sandar gefe da ake ja, akwai neman kalma. Bugu da ƙari, tun 2006 kamfanin Logitech ya fito da linzami mai suna MX Revolution, wanda tayarsa ta ƙarfe ce mai nauyi, ana iya sakin haƙoranta ta yi ta juyawa ita kaɗai. Wannan zarcewa ce ta gaske, irin ta Newton. Yatsa na jin ta, in ya taɓa tayar kuma ta tsaya, shafi ya tsaya tare da ita. Ba ni da ja a kan irin wannan ko kaɗan.

Hujja ta biyu ita ce daidaito. Suna cewa yaron yau da waya ya fara, hannunsa ya saba da shafi mai zarcewa, don haka ya kamata ko'ina ya je ya tarar da abu ɗaya. Amsata ita ce kowane allazi da nasa amanu. Mai keke ba ya neman birkin ƙafa don ya saba da mota. Daidaiton da jiki ke nema shi ne motsi iri ɗaya ya haifar da sakamako iri ɗaya. Wurgi da yatsa a kan gilashi da wurgi da yatsu a kan faifai motsi ɗaya ne, sai a ba su sakamako ɗaya. Murza taya mai haƙora wani motsi ne dabam. Shi ya sa linzamin Magic Mouse da Apple ya fitar a 2009, wanda ba shi da taya sai bayansa mai santsi da ake shafawa, nake lissafa shi cikin dangin faifai ko da yake sunansa linzami.

Hujja ta uku ita ce shafin da ke tsalle layi uku-uku yana ɓatar da ido. Wannan ma gaskiya ne, sai dai an haɗa abu biyu ne wuri ɗaya. Ana iya sa shafi ya yi tafiyar layi ukun nan a hankali cikin ɗan ƙanƙanen lokaci, ido ya bi shi, ya kuma tsaya daidai inda haƙorin ya ce. Wannan laushi ne, ina maraba da shi. Zarcewa kuwa ƙarin tafiya ce da hannu bai nema ba.

Sharuɗɗan faifan shafa

Na ce zarcewa ta dace da faifai, domin faifan ƙarami ne, tsawonsa bai wuce 'yan santimita ba, in babu ita sai mutum ya yi ta shafa kamar mai share tsakar gida da tsinke. Amma da sharaɗi huɗu.

Na farko, taɓawa ta tsai da shafi nan take. Na biyu, jan da aka yi a hankali kada ya haifar da zarcewa, sai wurgin da gudunsa ya kai wani mizani. Na uku, zarcewar ta mutu da zarar mutum ya koma wani aiki. Tsohuwar manhajar faifai ta Linux ta koya wa masana wannan darasi. Ita da kanta take ci gaba da aika saƙon gungurawa bayan yatsu sun tashi, ba tare da ta san abin da ke kan fuskar kwamfuta ba. In mutum ya matsar da kibiya zuwa wata taga, sai waccan ta kama gungurawa. In ya danna maɓallin Ctrl, sai rubutun shafin ya kama girma ko ƙanƙancewa, domin haɗa wannan maɓalli da gungurawa umarnin sauya girma ne. Wannan na cikin dalilan da suka sa Peter Hutterer, jagoran aikin libinput, ya bar zarcewa a hannun manhajar da ke nuna shafin.

Na huɗu, a bar wa mutum hanyar kashe ta, a wurin da zai gani. A cikin kunnen ciki akwai 'yan bututu uku masu lanƙwasa da ke sanar da ƙwaƙwalwa juyawar kai. In ido ya ce duniya na gudu, kunne kuma ya ce a zaune muke, waɗansu mutane sukan ji jiri da tashin zuciya, irin na mai karatu a cikin mota. Bayan koke-koken da suka biyo fitowar iOS 7 a 2013, Apple ya faɗaɗa zaɓin rage motsi a wayoyinsa, kuma a kwamfutocin Mac ana iya kashe zarcewa daga sashen saitin masu bukata ta musamman. Haka nan mai cutar Parkinson, wanda hannunsa ke rawa sau 4 zuwa 6 a sakan, da tsoho mai makyarkyata, ƙaramin kuskuren yatsa na iya jefa musu shafi nesa. Bai kamata su sha wahalar neman maɓallin ba.

Kira ga malamai da ɗalibai

Tun daga 2015 jarrabawar shiga manyan makarantu ta JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Ɗalibai da yawa sukan zauna gaban linzami a ranar alhali hannunsu da gilashin waya kawai ya saba. Ina roƙon malaman da ke kula da ɗakunan kwamfuta a makarantun sakandare su bar tayar linzami yadda take, haƙori ɗaya layi uku, kada su ɗora mata manhajojin ƙawa. Su koya wa yara maɓallan tsallake shafi da neman kalma, su kuma nuna musu inda ake sauya saitin faifai. Malaman kimiyya kuwa ga darasi a ɓagas: gwajin rula, gwajin madubi, da lissafin 0.998, duk ana iya yin su a darasi ɗaya ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Ku kuma ɗalibai, waɗansunku ne za su rubuta manhajojin asibitoci da bankuna da makarantu nan gaba. Kafin ku ƙara wa na'ura wata ɗabi'a don ta burge, ku tambayi kanku abin da ido zai iya bi, da abin da yatsa zai ji, da kuma wanda zai cutu in an yi kuskure. Ni dai na cire 'yar manhajar nan daga kwamfutata a ranar da ɗalibar ta bar ofishina, kuma yanzu ba na miƙa sakamako sai na sa wani ya karanto mini sunaye da maki daga takarda ina bi a kan allo, ko da hakan zai ci mini yini guda. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.